Toshewar jijiyoyin zuciya ga mai ciwon sukari: abin da awon sukari kaɗai ba ya nunawa

A wani kantin magani da ke kan hanyar kasuwar Dole, a nan Damagaram, na taɓa tsayawa bayan wani dattijo da ya miƙa takarda mai ɗauke da sunayen magani biyar. Yaron kantin ya buga lissafi ya faɗa masa, dattijon ya laluba aljihun rigarsa, ya yi shiru na ɗan lokaci, sannan ya ce, "Ɗana, a cikin waɗannan wanne ne na sukari? Ba ni shi kaɗai, sauran sai Allah ya hore." Yaron ya ce, "Baba, sauran huɗun fa na zuciya ne da na tansiyo." Dattijon ya dafa ƙirjinsa ya ce, "Zuciyata lafiyarta lau, ba ta taɓa yi mini ciwo ba." Ya karɓi metformin ɗinsa ya fita. Ban zarge shi ba, domin kuɗin da ke hannunsa bai kai ba, kuma ya zaɓi maganin cutar da ya san sunanta. Sai dai abin da ya bari a kan kanta shi ne abin da ya fi kusa da tsare masa rai, domin mafi yawan masu ciwon sukari irin na manya, idan cutar ta yi ajalinsu, ta hanyar zuciya da jijiyoyin jini take bi.

Zuciya tsoka ce da ke aiki dare da rana, tana bugawa wajen sau dubu 100 a kowace rana, kuma duk da cewa jini na cika ɗakunanta, ba daga wannan jinin take ci ba. Tana da jijiyoyinta na kanta guda biyu, ta dama da ta hagu, waɗanda ke fitowa daga gindin babbar jijiyar da ke ɗauke jini daga zuciya zuwa jiki, su kewaye ta kamar rawani, ta hagun kuma ta rabu gida biyu. Kaurin kowace bai wuce ƴan milimita ba. Da tafiyar shekaru kitse yakan shiga ƙarƙashin fatar da ta shimfiɗe cikin jijiyar, ya taru, ya yi tudu, hanyar jini ta rage faɗi kamar yadda yashi ke cike magudanar ruwa bayan damina. Idan mutum yana zaune, jinin da ke wucewa yakan isa. Idan ya hau tudu ko ya ɗauki kaya, zuciya ta nemi ƙari ba ta samu ba, sai ƙirji ya ɗaure. Mafi muni shi ne ranar da wannan tudun ya tsage, jini ya daskare a kansa cikin ƴan mintoci, hanyar ta rufe gaba ɗaya, tsokar da ke gaba ta fara mutuwa. Wannan shi ake kira bugun zuciya.

Ciwon sukari yana hanzarta kowane mataki na wannan tafiya. Yawan sukari a jini yana lalata fatar cikin jijiya, yana manne wa sinadaran jiki ya sa bangon jijiyar ya taurare. Yana sauya yanayin kitsen jini, inda mai kyau ke raguwa, marar kyau kuma ya zama ƙanana masu saurin kutsawa cikin bango. Yana kuma sa jini saurin daskarewa. Ga shi ba kasafai yake zuwa shi kaɗai ba, yakan zo da hawan jini da teɓa da raunin ƙoda, kowannensu yana ƙara wa ɗan'uwansa ƙarfi. Binciken da aka soma a garin Framingham na Amurka tun 1948 ya nuna cewa haɗarin cututtukan zuciya da jijiyoyi ya ninka kusan sau biyu ga maza masu ciwon sukari, ga mata kuwa ninkin ya fi haka, ta yadda kariyar da mace ke da ita kafin ɗaukewar al'ada takan ragu ƙwarai. Sannan toshewar da ake gani a jijiyoyin mai sukari ba ta cika tsayawa wuri guda ba, takan bazu a tsawon jijiya, ta kama biyu ko uku a lokaci ɗaya, kuma wannan yana da tasiri kan irin aikin da za a zaɓa masa, kamar yadda za mu gani. Ƙungiyar Ciwon Sukari ta Duniya ta ƙiyasta a 2021 cewa manya miliyan 24 ne ke da cutar a yankin Afirka, kuma fiye da rabinsu ba su san suna da ita ba. Ke nan mutum yakan kwashe shekaru jijiyoyinsa na cin wuya kafin ranar da awo zai nuna masa sukari giram 1,26 a litar jini ko fiye, da safe kafin ya ci komai.

Maganar dattijon nan, cewa zuciyarsa ba ta taɓa yi masa ciwo ba, ita ce wurin da ya kamata a daɗe a kai. Ciwon sukari da ya jima yana kashe jijiyoyin da ke ɗaukar saƙon zafi. Kowa ya san mai sukarin da ya taka ƙaya ko ƙusa bai ji ba sai da ƙafa ta kumbura. Irin wannan mutuwar ji tana samun jijiyoyin da ke kai saƙo daga zuciya, don haka jini na iya yanke wa wani sashe na zuciyar mai sukari ba tare da ya ji matsewar ƙirjin da aka sani ba, wadda ke sauka hannun hagu ko ta hau muƙamuƙi. A maimakon haka sai a ga numfashi yana sarƙewa a tafiyar da jiya ba ta gagare shi ba, ko gajiya marar dalili, ko zufa mai sanyi, ko tashin zuciya da zafi a saman ciki, ko sukari ya haura ya ƙi sauka. Tsofaffi da mata sun fi fuskantar wannan ɓoyayyen salo.

Na ga wannan a gidanmu. Wani kawuna da ya shekara fiye da goma da ciwon sukari ya dawo daga sallar Magariba wata rana ya zauna a kan tabarma a zaure, rigarsa ta jiƙe da zufa alhali iska na kaɗawa. Na ce, "Kawu, lafiya kuwa?" Ya ce, "Ba komai, ɗana, gyambon cikin nan ne ya motsa, a kawo mini kanwa." Aka jiƙa masa kanwa ya sha, ya yi gyatsa, ya ce ya ji dama. Muka kwana a haka. Sai washegari da hantsi, da ya kasa kaiwa ƙofar gida saboda haki, muka kai shi asibiti, awon zanen bugun zuciya, wanda likitoci ke kira ECG, ya nuna cewa abin da ya same shi jiya bugun zuciya ne. Ya rayu, amma sashen tsokar da ya mutu a daren nan bai dawo ba, kuma har yau ba ya iya tafiya mai nisa sai ya tsaya ya huta. Duk lokacin da na tuna kofin kanwar nan, nakan ji nauyin sa'o'in da muka bari suka wuce muna zaune.

Sa'o'in nan su ne komai. Maganin da ake ɗurawa ta jijiya don narkar da jinin da ya daskare ya fi amfani a sa'o'i biyu zuwa uku na farko, amfaninsa yana raguwa da tafiyar lokaci, kuma bayan sa'a 12 ba a cika ba da shi ba. Saboda haka duk mai ciwon sukari da ya ji baƙon abu tsakanin cibiya da muƙamuƙi, ko numfashinsa ya sauya farat ɗaya, abin da ya wajaba shi ne a ɗauke shi zuwa inda ake da na'urar ECG, kamar Asibitin Ƙasa na Zinder, a faɗa wa ma'aikacin da ke karɓar marasa lafiya tun daga ƙofa cewa mai sukari ne kuma ana tsoron zuciya. Kada ya tuƙa babur da kansa, kada a jira gari ya waye. Idan ba ya da gyambon ciki mai zubar da jini kuma asfirin bai taɓa tayar masa da borin jiki ba, tauna asfirin na miligiram 150 zuwa 300 a hanya yana daga cikin abin da likitoci ke shawarta. Akwai kuma awon jini na wani sinadari mai suna turofonin, wanda tsokar zuciya ke saki idan ta ji rauni, shi ke tabbatar da abin da zanen bai fito da shi sarai ba.

Yanzu sai tambayar da kowa zai yi: tunda sukari ne tushen ɓarnar, ashe saukar da shi ƙasa sosai ba zai wadatar ba? Likitoci ma sun daɗe da wannan zato, har bincike ya gyara musu shi. Babban binciken UKPDS na Birtaniya, wanda aka fitar da sakamakonsa a 1998, ya nuna cewa riƙe sukari da kyau yana kare ido da ƙoda a fili, amma amfaninsa ga zuciya bai bayyana sosai ba sai bayan ƙarin shekara 10 ana bin mutanen, kuma waɗanda suka amfana su ne waɗanda aka soma kula da su tun farkon gano cutar. Daga baya binciken ACCORD, da aka yi a Amurka da Kanada kan mutum sama da dubu 10 da suka daɗe da cutar kuma suke cikin haɗarin zuciya, ya gwada matsa sukari ya koma daidai da na mai lafiya. A 2008 aka dakatar da wannan sashe na binciken kafin lokacinsa, domin mace-mace sun fi yawa a cikin waɗanda aka matsa wa. Darasin da aka ɗauka shi ne cewa faɗuwar sukari ƙasa da kima haɗari ce ga zuciyar da jijiyoyinta suka ƙuntata, tana sa ta bugu da sauri, tana iya rikita tsarin bugunta. Shi ya sa ake neman awon HbA1c, wanda ke nuna matsakaicin sukarin wata biyu zuwa uku, ya tsaya ƙasa da kashi 7 cikin 100 ga yawancin mutane, amma ga tsoho mai ciwon zuciya likita kan sassauta zuwa wajen kashi 8. A nan akwai abin lura da ya shafe mu kai tsaye: sikila da ƙarancin jini, waɗanda duk suna da yawa a ƙasarmu, suna iya sa wannan awo ya ba da adadin da ba daidai ba, don haka mai ɗauke da ɗayansu ya sanar da likita.

Game da magungunan sukarin kansu, metformin shi ne ginshiƙi, yana da araha, ba ya faɗar da sukari ƙasa da kima idan shi kaɗai ake sha, sai dai ana rage shi ko a daina idan ƙoda ta yi rauni sosai. Gilibenkilamid, wanda ya yawaita a hannun mutane saboda sauƙin kuɗinsa, yana saukar da sukari da ƙarfi ko an ci abinci ko ba a ci ba, kuma a ganina tsohon da ke da ciwon zuciya ya cancanci ya tambayi likitansa ko akwai wanda ya fi shi aminci. Ƙari a kan haka, magungunan da ke rage saurin bugun zuciya, irin su atenolol da bisofurolol, waɗanda ake bai wa wanda ya yi bugun zuciya, suna iya ɓoye faɗuwar gaba da rawar jikin da ke gargaɗin mutum cewa sukarinsa ya faɗi, sai zufa kaɗai ta rage a matsayin alama. Wannan ba dalilin daina su ba ne, dalili ne na ajiye ƴan ƙwayoyin sukari ko dabino a aljihu.

Binciken da ya fi burge ni a wannan fage ƙarami ne, mutum 160 kacal, a wata cibiyar ciwon sukari ta ƙasar Denmak, ana kiransa Steno-2. An raba su biyu, rabi suka ci gaba da kulawar da aka saba, rabi kuma aka kama musu komai a lokaci guda: sukari, hawan jini, kitsen jini, asfirin, abinci, motsa jiki da barin taba. Bayan kimanin shekara 8, cututtukan zuciya da jijiyoyi sun ragu da kusan rabi a rukuni na biyu, kuma da aka bi su har shekara 21 sai aka ga sun fi ɗaya rukunin tsawon rai da kusan shekara 8. Babu wani magani mai tsada ko na'urar zamani a cikin abin da aka yi musu. Takardar da dattijon nan ya riƙe a kantin magani, mai suna biyar, kusan ita ce wannan tsari.

A cikin biyar ɗin, wanda aka fi raina shi ne maganin kitsen jini, dangin sitatin, irin su atorbastatin da simbastatin. Ana raina shi ne saboda mai shan sa ba ya jin wani sauyi a jikinsa, kuma siririn mutum yakan ce shi ba ya da kitse. Kitsen da ake magana a kai, wato kolastarol marar kyau da takardar awo ke rubutawa LDL, ba a ganin sa a jiki, kuma hanta ce ke ƙera mafi yawansa. Tarin bincike kan dubban mutane ya nuna cewa duk lokacin da aka rage shi da kusan giram 0,4 a lita, manyan haɗurran zuciya da shanyewar ɓarin jiki suna raguwa da kimanin kashi ɗaya cikin biyar, kuma masu ciwon sukari suna samun wannan amfani kamar kowa. Sitatin yana kuma ƙarfafa murfin tudun kitsen da ke cikin jijiya, ya rage yiwuwar tsagewarsa. Ga wanda ya haɗa ciwon sukari da tabbatacciyar toshewar jijiyar zuciya, ƙungiyar likitocin zuciya ta Turai ta sa iyaka tun 2019 cewa LDL ya sauka ƙasa da giram 0,55 a lita. Magani ne na kullum har ƙarshen rayuwa, kuma idan awo ya yi kyau, alamar yana aiki ce, da zarar an daina sai kitsen ya koma inda yake. Wasu kan ji ciwon tsoka, abin yi shi ne a koma wa likita ya sauya iri ko ya rage yawa. Mai ciki ba ta shan sa.

Hawan jini kuma ana son ya tsaya ƙasa da 130 bisa 80, abin da ma'aikatan lafiyarmu ke faɗa a taƙaice 13 da 8. Dangin enalafiril da kaftofiril suna da fifiko ga mai sukari domin suna kare ƙoda, musamman idan awon fitsari ya nuna tana zubar da furotin, ko da yake suna sa wasu busasshen tari, kuma su ma ba na mai ciki ba ne. Sau da yawa magani ɗaya ba ya isa. Binciken CREOLE, wanda aka yi a ƙasashe shida na Afirka kudu da Sahara aka wallafa a 2019, ya nuna cewa ga baƙar fata haɗin da ke da amlodifin a ciki ya fi saukar da hawan jini. Amma ƙwaya ba za ta yi nasara a kan tukunyar da aka zuba wa gishiri da dunƙulen magi huɗu ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce gishirin yini kada ya kai giram 5, wato ƙasa da ƙaramin cokalin shayi, kuma a cikin lissafin nan har da na magi, da na kilishi, da yajin tsire, da kanwar da ake sa wa a miya ko a sha don ciki, domin ita ma sinadarin gishiri ce ke cikinta.

Asfirin yana buƙatar rarrabewa. Wanda ya taɓa yin bugun zuciya, ko aka tabbatar jijiyarsa ta ƙuntata, ƙaramin asfirin na miligiram 75 zuwa 100 a kullum yana rage masa haɗarin maimaituwa. Wanda kuwa yake da sukari kawai, zuciyarsa ba ta nuna komai ba, binciken ASCEND na 2018 kan mutum sama da dubu 15 a Birtaniya ya nuna cewa amfanin da ya samu kusan daidai yake da ƙarin haɗarin zubar jini. Don haka ba magani ba ne da mutum zai ɗora wa kansa don ya ga maƙwabcinsa yana sha.

Shekarun baya-bayan nan sun zo da sabon abu. A 2015 binciken EMPA-REG ya nuna cewa emfagiliflozin, maganin da ke sa ƙoda ta fitar da sukari ta fitsari, ya rage mutuwa ta dalilin zuciya da kashi 38 cikin 100 ga masu sukarin da ke da ciwon zuciya ko na jijiyoyi, ya kuma rage kwanciya asibiti saboda gazawar zuciya. A 2016 binciken LEADER ya nuna amfanin allurar liragulutid ga irin waɗannan mutane. A 2021 Hukumar Lafiya ta Duniya ta shigar da dangin emfagiliflozin cikin jerin magungunan da ta ce kowace ƙasa ta tanada. Tsadarsu har yanzu tana hana da yawa daga cikinmu kaiwa gare su, amma wanda ke da hali, ko yake da ɗa a waje da ke aiko da kuɗin magani, ya dace ya tambayi likita. Sai dai a yi la'akari da garinmu. Maganin da ke ƙara fitsari, a bazarar Afirilu da Mayu da zafi ke wuce digiri 40, yana iya busar da jiki idan ba a shan ruwa isasshe, yana kuma kawo ƙaiƙayin gaba idan ba a kula da tsafta ba, kuma ana dakatar da shi a ranakun amai da gudawa ko zazzaɓi mai hana cin abinci.

Mutane da dama sun ɗauka cewa ƙarshen magani shi ne a buɗe jijiyar da ƙarfe. Ana zura siririn bututu ta jijiyar hannu ko ta cinya har zuciya, a ɗauki hoto, a hura wurin da ya ƙuntata, a bar wata ƴar raga ta ƙarfe ta tokare shi. A lokacin bugun zuciya wannan aiki yana ceton rai. Amma ga wanda ciwonsa ya lafa, yake jin nauyin ƙirji sai ya yi wahala, binciken BARI 2D na 2009 kan masu ciwon sukari ya nuna cewa waɗanda aka soma da magani mai kyau kaɗai sun rayu daidai da waɗanda aka yi gaggawar yi wa aiki. Wannan labari ne mai kwantar da hankali ga mutumin Damagaram, wanda ke da tazarar wajen kilomita 900 tsakaninsa da Yamai, kuma kuɗin tafiya waje na iya cinye gona da garke. Inda toshewar ta kama jijiyoyi da yawa kuwa, binciken FREEDOM na 2012 kan mutum 1900 ya nuna cewa tiyatar da ake ɗinka sabuwar hanya ta tsallake wurin toshewa ta fi raga: cikin shekara 5, kusan kashi 19 cikin 100 na waɗanda aka yi wa tiyata ne suka mutu ko suka yi bugun zuciya ko shanyewar ɓarin jiki, a gefen raga kuwa kusan kashi 27, duk da cewa shanyewar ɓarin jiki ita kaɗai ta ɗan fi yawa a gefen tiyata. Wanda aka sa wa raga kuma ya sani cewa zai haɗa asfirin da kulofidogirel, wani maganin hana jini daskarewa, na tsawon watanni, har shekara guda bayan bugun zuciya, kuma yanke su da wuri na iya sa jini ya daskare a cikin ragar nan take. Duk iyalin da ke tara kuɗin aiki su sa kuɗin maganin bayan aiki a cikin lissafi.

Akwai ƙwayoyin da ake saye a kan tebur ko a hannun mai talla waɗanda ke rusa duk wannan gini. Diklofenak da ibufurofen, da ake sha kamar gyaɗa don ciwon gwiwa da baya, suna ɗaga hawan jini, suna cutar da ƙoda, suna ƙara haɗarin zuciya, kuma idan suka haɗu da asfirin suna iya fasa ciki. Maganin ƙarfin maza irin su sildenafil, idan ya haɗu da ƙwayar ciwon ƙirji da ake sa wa ƙarƙashin harshe ko wani danginta, yana iya faɗar da jini ƙasa har mutum ya sume ko ya mutu. Kunya takan hana a faɗa wa likita, alhali raunin mazakuta ga mai sukari sau da yawa alama ce ta farko cewa jijiyoyin jini sun fara ƙuntata, kuma yakan riga ciwon zuciya bayyana da ƴan shekaru.

Abinci da motsi ba sa buƙatar baƙon abu. Gero da dawa da wake da zogale da rama da kuɓewa suna cikin abin da likita zai yaba, matsalar tana wajen yawan tuwon da ake ci a zama ɗaya, da sukarin da ake zuba wa fura da kunu, da lemun kwalba, da shayin majalisa da ake sha kofi uku kowanne da zaƙinsa. Man gyaɗa daidai gwargwado ya fi man shanu da kitsen nama. Tafiyar ƙafa ta minti 150 a mako, wato rabin sa'a a kwana biyar, bayan Asuba ko da yamma idan rana ta yi sanyi, tana saukar da sukari da hawan jini tare, amma mai ciwon zuciya ya soma a hankali da izinin likita, ya tsaya da zarar ƙirji ya yi nauyi, ya kuma duba ƙafafunsa idan ya dawo. Taba kuwa, sigari ce ko shisha, babu adadinta da ya dace da mai ciwon sukari.

Sai azumi, wanda kowace shekara yake sa iyalai cikin tunani. Ƙa'idojin da Ƙungiyar Ciwon Sukari ta Duniya ta fitar tare da likitocin da suka ƙware kan sukari da Ramadan sun sa wanda bai daɗe da yin bugun zuciya ba, da wanda ciwon ƙirjinsa ke zuwa ko yana zaune, a cikin masu babban haɗari da ake shawarta su ajiye azumi, kuma shari'a ta riga ta yi wa marar lafiya rangwame. Wanda ciwonsa ya lafa kuma yake da niyyar yi, ya je wurin likita tun a watan Rajab ko farkon Sha'aban, a mayar da lokutan ƙwayoyinsa tsakanin buɗa-baki da sahur, a duba gilibenkilamid da insulin da magungunan da ke sa fitsari. Malamai da yawa sun bayyana cewa huda yatsa don awon sukari ba ya karya azumi, don haka ya riƙa aunawa da rana, musamman tsakanin Azahar da La'asar. Idan na'ura ta nuna ƙasa da giram 0,70 a lita, ko sama da giram 3, ko ya ji jiri da zufa mai sanyi ko nauyin ƙirji, ya karya azumin nan take ko da saura ƴan mintoci a kira Magariba, kuma idan alamar ƙirji ce ko ta numfashi, a wuce da shi asibiti ba tare da jira ba.